An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Yadda Ake Gano Ciwon Caji a Babur

Jawabin da wani ɗan ƙungiya, mai gyaran wutar babur a Maamobi, ya gabatar a zaman bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu.



Mai girma shugaba, wakilan sarakunanmu na Zango, iyayena Alhazai da Hajiyoyi, yayyena da ƙannena, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya jiƙan waɗanda suka kafa ƙungiyar nan suka riga mu gidan gaskiya, na raye kuma ya ƙara musu lafiya.

Waɗanda suka gabace ni sun yi magana a kan kwastan da canjin kuɗi da takardun kan iyaka. Ni kuwa kwamiti ya ce in yi magana a kan babur, moto a bakinmu na nan. Na san wani zai ce me ya haɗa fatauci da batir. To ku duba da kyau. Babbar mota takan kawo kaya daga Lome ko Wagadugu ko Yamai, amma ba ta shiga lungunan Nima. Tun da aka mayar da kasuwar albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021, buhunan da ke isowa Maamobi da New Town da yawansu a bayan aboboyaa suke zuwa. Yaron da ke kai saƙo Tudu ya karɓo kuɗi, a kan moto yake. A Aflao, a Paga, a Bawku, babur ne ke haɗa tasha da kasuwa. Jakinmu na yau ke nan. Ranar Laraba, kasuwar Nima ta cika, mai saye yana jira, a ce babur ya ƙi tashi, ai kun san abin da aka yi asara.

Abin da na fi gani a shago shi ne wannan. Babur ya ƙi tashi da safe, mai shi ya ce batir ya mutu, ya aika yaro Caprice ko Abossey Okai a sayo sabo. Sabon ya yi sati biyu ko uku shi ma ya kwanta. Sai a koma a kama mai shago da faɗa, a ce ya sayar da jabu. Wani lokaci jabun ne, ba na musu. Amma sau da yawa batirin ba shi da laifi ko kaɗan. An bar jaki ana dukan taiki.

Bari in kwatanta muku da abin da kuka fi ni sani. Batir ba ya haifar da wuta, ajiye ta kawai yake yi, kamar asusu. Mai nemo wutar shi ne kwayil ɗin da ke cikin inji, wanda maganeto ke juyawa a kansa. Maganeton nan akwai maganaɗisu a jikinsa, idan inji ya juya shi sai wuta ta samu a wayoyin tagullar da aka naɗa. Amma wutar da kwayil ke bayarwa mai kai-da-komo ce, ita ake rubuta wa AC, batir kuwa ba ya karɓar sai mai tafiya hanya ɗaya, wadda ake rubuta wa DC. Kamar ka dawo daga Lome da sefa cike da aljihu, a Nima ba za ka sayi ko koko da ita ba sai ka bi ta wurin ɗan canji. Ɗan canjin babur shi ne ƙaramin ƙarfen nan mai haƙarƙari da muke kira rektifaya. Aiki biyu take yi: ta juya wutar ta zama irin wadda batir ke ci, kuma ta tsare ta kada ta wuce kima idan an murɗa totur. Tsakanin waɗannan uku akwai hanya, wato wayoyi da soket da fiyus. Idan asusu ya zama wayam, ko dai asusun ne ya huje, ko mai nema ya daina kawowa, ko ɗan canji ya ci amana, ko an tare hanya, ko kuma akwai mai zara a ɓoye. Sayen sabon asusu ɗaya kawai yake magancewa a cikin biyar ɗin nan.

Kafin a taɓa komai, babur yakan faɗi abin da ke damunsa. Oda ta yi sanyi kamar mai mura. Sigina ta daina ƙiftawa, ta tsaya cak. Ka danna sitata ka ji ƙas-ƙas kawai. Wannan ƙarancin wuta ne. Akwai kuma kishiyarsa, wanda mutane ba su cika ganewa ba: ƙwan fitila yana yawan ƙonewa, batir ya yi zafi ko ya kumbura, ruwansa yana saurin ƙafewa, ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai a gefen babur. Wannan wuta ce ta yi yawa, rektifaya ta saki linzami. Mai irin wannan ko batir goma ya saya duk dafa su za a yi.

Wani abu da ke ruɗin mutane: da yawa daga cikin ƙananan baburanmu wutar filoginsu daga kwayil take zuwa kai tsaye, ba ta bi ta batir. Saboda haka ko batir ya mutu murus, ka buga kik ya tashi. Sai mai shi ya ce ai lafiya lau, ya yi wata shida yana bugun kik, wani ma ya cire batirin gaba ɗaya. Batir yana shanye hawa da saukar wuta. Idan babu shi, nauyin duka a kan rektifaya da ƙwayayen fitila yake sauka. Wasu baburan kuma, musamman sababbin da ba su da kafireto, ba za su tashi ba sam idan batir ya yi ƙasa. Ya kamata kowa ya san irin nasa.

Yanzu ga awo. Abin aikin shi ne ƙaramar mitar nan mai wayoyi biyu, ja da baƙa, da ake sayarwa a shagunan kayan wuta. Kuɗinta bai kai na batir ɗaya ba. Mu da ba ma sayen buhun masara sai an ɗora a sikeli, ban ga dalilin da za mu sayi batir da ka ba. Ina ba duk mai babur fiye da ɗaya shawara ya ajiye ta a shago, ya koya wa yaro ɗaya mai hankali.

A fara da batirin, inji a kashe, kuma ya zamana babur ya huta kamar awa ɗaya ko fiye, don wanda aka sauko daga kansa yanzu yakan nuna ƙarfin da ba nasa ba. A juya mita zuwa DC, wurin da aka rubuta 20. Jar waya a kan da ke da alamar tarawa, baƙa a kan da ke da alamar ɗebewa. Ma'aunin ƙarfin wuta sunansa bolt, ba Bolt ɗin da yaranmu ke kira a waya ba. Batirin da aka rubuta wa 12, idan ya cika, 12.6 zuwa 12.8 yake nunawa, domin ɗakuna shida ne a cikinsa, kowanne da bolt biyu da ɗan ɗoriya. Idan ka ga 12.2, rabi ya rage. Idan ya sauka ƙasa da 12, kusan babu komai. Ku lura, mutum zai ga 12.0 ya ce ai ga sha biyun nan cif. A'a, wannan batir da yunwa yake. Idan kuwa an yi masa caji sosai amma ya tsaya wajen 10.5, ɗaki ɗaya ya mutu, ba shi da magani.

Batirin da ya nuna ƙasa, a fara yi masa caji kafin a yanke masa hukunci, kuma kafin a auna sauran, don batir mai yunwa yana ɓata lissafi. Bayan ya cika, a bar mita a jikinsa a danna sitata. Lambar za ta faɗi, dole ne. Idan ta tsaya wajen 10 ko sama, batirin yana da ƙashi. Idan ta zube zuwa 7 ko 6, to cikar tasa ta baki ce, kamar ɗan kasuwar da ke da babbar riga ba jari. A nan ne kawai za a ce batir ya gama. Ko a nan ma ba a gama bincike ba, sai an tambayi abin da ya kashe shi. Tsufa ne, ko kashe shi aka yi?

Awo na biyu shi ne mai raba gardama, kuma bai fi minti ɗaya ba. A tada inji, mita tana nan a kan batir. A silo lambar za ta iya zama kusa da inda take, wannan ba laifi ba ne a ƙaramin babur. A murɗa totur zuwa tsaka-tsaki, kamar juyi dubu huɗu ko biyar a minti ga mai agogon da ke nunawa. Lafiyayyen caji yana tsakanin 13.5 da 14.5. A kunna babbar fitila a sake dubawa, bai kamata ya faɗi ƙasa da 13 ba. Idan an murɗa lambar ba ta motsa daga 12 da ɗoriya ba, ko ma tana raguwa, caji ba ya zuwa. Idan ta haura 15 tana ci gaba da hawa, a kashe inji, rektifaya ce ko wayar da ke gaya mata halin da batir ke ciki.

A nan zan roƙi 'yan uwana masu gyara da ke cikin zauren nan su yi haƙuri da ni. Akwai gwajin da muka gada, a cire kan batir inji yana aiki a ga ko zai mutu, ko a karta waya a jikin ƙarfe a ga tartsatsi. A daina. Babur mai wutar filogi daga kwayil ba zai mutu ba ko da caji ba ya aiki, ka ga gwajin bai gaya maka komai ba. Kuma a daidai lokacin da aka cire kan batir wuta takan yi tsalle, ta ƙona rektifayar da take lafiya ko akwatin wutar filogi. An je neman ciwo ɗaya an dawo da biyu.

To an ga caji ba ya zuwa. Har yanzu kada a aika kowa kasuwa. A bi hanya tukuna, domin a garin nan hanya ce ta fi lalacewa. Muna bakin teku, iskarmu da gishiri take tafe, ƙarfe da tagulla ba sa daɗewa ba su yi tsatsa ba. Ga damina daga Afrilu zuwa Yuli, babur ya ratsa ruwa har gwiwa. Ga masu wanki da ke harba ruwa mai ƙarfi ƙarƙashin kujera. A duba kawunan batir: idan akwai farin gari ko kore-kore, a kwance, a goge da samfefa har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tam, a shafa ɗan giris. A duba fiyus da gidansa. Fiyus yakan yi kyau a ido alhali bakinsa ya ci tsatsa. Wanda ya ƙone kuma a sa mai lamba irin tasa, kada a naɗa masa waya ko takardar sigari mai ƙyalli, don ranar da waya ta haɗu, maimakon fiyus babur ɗin ne zai ƙone, da kayan da ke kansa. Sai a zare soket ɗin da ke tsakanin kwayil da rektifaya a leƙa ciki. Idan robar ta narke ko ta yi baƙi, ga ɓarawon nan. Haɗin da ya saki yana yin zafi, zafi ya ƙara sakin sa, har wuta ta daina wucewa.

Wayar da aka fi mantawa da ita ita ce ta at, wadda ke haɗa batir da rektifaya da jikin ƙarfen babur. Wuta sai ta je ta dawo, kamar motar da ta kai kaya Paga, in hanyar dawowa ta yanke tafiyar ba ta cika ba. Noti ɗaya da ya yi tsatsa a nan yana iya sa lafiyayyar rektifaya ta yi kamar ta mutu, ko ta riƙa tura wuta fiye da kima. Aboboyaa ta fi fama da wannan saboda girgiza da yawan walda da fenti. Da mita ana kama shi: inji yana aiki, a sa waya ɗaya a kan baƙin kan batir, ɗaya a jikin inji ko a wayar at ta rektifaya. Ya kamata a ga kusan sifiri. In an ga rabin bolt, a kwance a goge. Haka ake yi wa jar wayar da ta taso daga rektifaya zuwa batir.

Idan hanya ta fita zargi, saura biyu: kwayil ko rektifaya. Kwayil ake fara aunawa, don shi ne ake iya tabbatarwa. A cire soket ɗinsa, inji a kashe, a juya mita zuwa ma'aunin om, ƙaramar lamba. A fara haɗa bakin wayoyin mita biyu a ga abin da su kansu suke ci, a cire shi daga lissafi, kamar yadda ake cire nauyin buhu. Tsakanin wayoyin caji za a ga ƙaramar lamba, yawanci ƙasa da om ɗaya ko kusa da haka. In mita ta nuna babu haɗi sam, waya ta tsinke a ciki. Babur mai wayoyi uku ruwan ɗorawa, a auna su bibbiyu sau uku, amsoshin su zo daidai da juna. Sannan a auna tsakanin kowace waya da jikin inji. A irin mai waya uku bai kamata a samu haɗi ba, in an samu kwayil ya ƙone ya taɓa ƙarfe.

Amma a yi hattara a nan, don an jefar da kwayil masu lafiya da yawa saboda wannan. A ƙananan babura da dama, waɗanda fitilarsu ke ƙara haske idan an murɗa totur, da gangan kamfani ya ɗaure bakin kwayil ɗaya a jikin inji. A irinsu samun haɗi da ƙarfe shi ne daidai. Sai an san irin babur kafin a yanke hukunci.

Daga nan a juya mita zuwa AC, wurin 200, a tada inji soket yana cire, a auna bakin wayoyin kwayil. A masu waya uku akan ga kamar 15 zuwa 20 a silo, in an murɗa ya haura 50 ko fiye, kuma duka ukun su tafi tare. A ƙananan lambar takan yi ƙasa da haka, amma dole ta riƙa hawa da totur. A kiyaye yatsu, wutar nan tana ja. In ɗaya ta yi baya, ko duka ba sa hawa, sai a buɗe murfin inji. Kwayil da ya ƙone ba ya ɓuya, za a ga naɗin ya yi baƙi, da warin ƙuna. A duba maganeton ma, ko maganaɗisu ya fashe ko ya saki. Akwai kuma mai wayo, wanda da sanyin safiya lafiya lau yake, sai an yi tafiya inji ya yi zafi ya daina bayarwa. Mutum ya tashi daga Tema caji yana aiki, kafin ya haye gadar Sogakope ya tsaya, a Akatsi ko Denu oda ta mutu. Irin wannan sai an auna shi da zafinsa. Duk wanda ya ce maka ciwon babur ɗinsa sai a doguwar tafiya yake tashi, kada ka auna shi da sanyi ka ce masa ƙalau yake.

Idan batir lafiya, hanya lafiya, kwayil yana bayarwa, amma wuta ba ta isa batir, to yanzu ne za a kama rektifaya da hujja. Abin da ke kashe ta sananne ne. Na farko zafi. Yawancin irin da ke jikin baburanmu rarar wutar da ba a buƙata zafi take mayar da ita, shi ya sa aka yi mata haƙarƙari don iska ta riƙa bugawa. Sai ka ga an naɗe ta da leda wai kada ruwa ya taɓa, ko an tura ta ƙarƙashin kujera an danne da tsumma, ga cunkoson titin Nima da rana tsaka. Sai kuma juya kan batir, ja a wurin baƙi, wanda ko na ƙiftawar ido ne ya isa. Sai jona babur da batirin mota alhali injin motar yana aiki. In dole ne a jona, motar ta kasance a kashe. Sai walda. Ku masu aboboyaa, duk ranar da za a yi wa bodi walda, a cire kan batir a zare soket ɗin rektifaya kafin mai walda ya kunna injinsa. Ba zai tuna muku ba, ba aikinsa ba ne.

Wurin saye nan ma akwai magana, kuma ta shafe mu fiye da kowa, don mu ne masu tsallaka iyaka mu sayo. Baburan da ke hannun mutanenmu iri-iri ne, Haojue, Apsonic, Royal, Boxer, TVS, ga Sanya da ke shigowa ta Togo. Rektifaya biyu za su yi kama kamar tagwaye, baki huɗu-huɗu, soket ya shiga daram, amma cikinsu daban. Wata an yi ta don kwayil mai ɗaure da jikin inji, wata don wanda ba a ɗaure ba. In aka musanya, ko dai caji ya ƙi, ko sabuwar ta ƙone a ranar. Launin waya ma ba abin dogaro ba ne: a tsarin Honda, wanda baburan Sin da yawa suka bi, koriya ce wayar at, a na Yamaha baƙa ce, a na Suzuki baƙa mai farin layi. Saboda haka a tafi da tsohuwar a hannu, a faɗi sunan babur da girman injinsa. Kuma idan a Lome ko Sinkase ko Wagadugu za a saya, a san cewa kwayil biyu ne a jikin babur, na caji da ke cikin inji da na filogi da ke ƙarƙashin tanki. Da Faransanci duka biyun bobin ake ce musu, kamar yadda mu ma duka kwayil muke cewa. A nuna hoto a waya ya fi dogon bayani. Wadda aka ce maka rabin kuɗi ce, ka ɗaga ta ka ji ba nauyi, ka ajiye musu kayansu.

Saura mai zara a ɓoye, kuma wannan ciwon matafiya ne. Babur lafiya lau, caji 14 cif, amma Alhaji ya tafi Yamai ko Kano ya yi sati uku, ya dawo batir ba ko numfashi. Yanzu muna ɗora wa babur abubuwan da ba a haife shi da su ba: na'urar bin sawu saboda ɓarayi, ƙararrawa, cajar waya, rediyo a aboboyaa. Da yawa an jona su kai tsaye a kan batir, ko an zare makulli suna ci. Ku yi lissafin da ni. Batirin ƙaramin babur an rubuta masa 5Ah, wato zai ba da amfiya ɗaya na awa biyar. Na'urar da ke shan kashi 20 cikin dubu na amfiya, abin da ko ƙwan tocila bai kai ba, za ta shanye shi tas cikin awa 250, kwana goma da 'yan awoyi. Tun kafin nan sitata ta daina juyawa. Yadda ake kama shi: a kashe makulli, a cire baƙar wayar batir, a sa mita a ma'aunin amfiya tsakanin wayar da kan batirin. Kada a danna sitata a wannan hali, mitar za ta ƙone. Babur da ba a ƙara masa komai ba kusan sifiri zai nuna. In an ga yana ci, a riƙa cire abubuwan da aka ƙara ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Wanda zai yi doguwar tafiya, in babur a cikin gida yake a kulle, ya cire baƙar wayar kafin ya tafi. In kuwa saboda tsaro ba ya son na'urar ta mutu, ya bar wa wani amana ya riƙa hawa yana zagayawa sosai duk bayan 'yan kwanaki. Tada shi a bar shi a silo minti biyar ba ya mayar da ko abin da sitata ta ci.

Mun ga wannan da idonmu lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga Maris 2020 zuwa Maris 2022. Baburan da suka zauna ba aiki, da aka buɗe hanya batiransu ba su farfaɗo ba. Batirin dalma idan ya daɗe da yunwa, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantansa, daga nan ko an yi caji ba ya riƙewa. Zama da yunwa ya fi aiki kashe shi.

Akwai kuma wanda ba sata ake yi masa ba, kashewarsa ce ta fi samunsa. Kwayil ɗin ƙaramin babur abin da yake bayarwa ƙayyadadde ne. Babbar fitila mai wat 35 tana cin kusan amfiya uku. Cajar waya kusan ɗaya. A ƙara fitilu biyu na gefe, da oda irin ta babbar mota, da lasifika, sannan a wuni ana tafiyar ɗari biyu-biyu tsakanin Maamobi da Kotobabi, kowace tsayawa a kashe a danna sitata. Babu abin da ya lalace a babur ɗin nan, amma kullum batir cikin bashi yake kwana. Gwajinsa mai sauƙi: a kunna duk abin da aka saba kunnawa, a murɗa totur, a duba mita. In ta kasa kai 13, a rage kaya, ko a koma ƙwayayen fitila na zamani masu ƙarancin ci, in tsarin wutar babur ɗin ya yarda da su.

Kalma biyu a kan kula da batirin kansa. Mai marafe da ake buɗewa, in ruwansa ya sauka, tataccen ruwa ake ƙarawa, ba asid ba. Mu duka biyun ruwan batir muke ce musu, shi ya sa ake samun kuskure, sai a faɗa wa mai shago ɓaro-ɓaro wanda ake so. Ruwan leda da na famfo ba su yi ba. Wanda aka rufe ruf daga kamfani kuma ba a buɗe shi. Wurin caji, ƙa'ida ita ce kashi ɗaya cikin goma na girmansa, mai 5Ah rabin amfiya na kamar awa goma. In aka jona shi a babbar cajar batirin mota don a yi sauri, zai dawo da ɗumi, kwanansa kuma ya ragu. Wanda ya mutu, kada a zubar da ruwansa a kwata, kada a bar shi a tsakar gida yara suna wasa da shi. Dalma guba ce, ta fi yi wa ƙananan yara illa, kuma ƙasar nan tana da doka a kan irin wannan shara tun 2016. A mayar wa mai sayarwa ko masu sayen tsofaffi, har ɗan kuɗi ake samu.

Iyayena mata da ke saya wa yara babur suna kawo kuɗi, ku ma wannan ta shafe ku. Idan yaro ya zo ya ce batir, ku tambaye shi abu biyu: nawa mita ta nuna inji a kashe, nawa ta nuna da aka murɗa? In ya ce 12.1 da 14.2, caji na aiki, a yi wa batirin caji a gwada shi, a nemi mai zara. In ya ce 12.1 da 12.1, kada ku ba da kuɗin batir, ba nan ciwon yake ba. In ya ce mai gyaran bai auna ba, ya koma a auna, ko ya canja shago.

Mai girma shugaba, na zo da mita biyu, kuma na ga babura sun fi ashirin a ƙofar zauren nan. Bayan an ci abinci ina waje, duk mai so ya buɗe murfin batirinsa mu auna tare, yaran shago su matso kusa su riƙe wayoyin da hannunsu.